Me ya sa madara ke ɓata mini ciki?

Wannan tambaya ta fito ne daga Malama Hadiza a Funtuwa. Ta ce duk lokacin da ta sha madara sai cikinta ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da gudawa, amma kindirmo ba ya damunta. Ko mene ne dalili?

To, Malama Hadiza, mun gode. A cikin madara akwai wani sukari mai suna laktos. Hanjin ɗan Adam yana samar da sinadarin da ke narkar da laktos, sai dai a jikin mutane da yawa wannan sinadari yana raguwa bayan yaye. Idan ya yi ƙaranci, sai laktos ya wuce babban hanji bai narke ba, ƙananan halittun da ke can su ruɓar da shi. Daga nan iska da kumburi da gudawa ke fitowa, galibi cikin awa biyu bayan an sha.

Shi kuwa kindirmo, tsamin da ya yi ya riga ya cinye wani ɓangare na laktos ɗin, shi ya sa yake miki sauƙi.

Ba sai kin daina madara ɗungurungum ba. Ki sha kaɗan, ƙasa da kofi guda, tare da abinci. Ki riƙe kindirmo da cuku, ki ƙara da zogale da ƙananan kifi saboda lafiyar ƙashi.

Amma idan kika ga jini a bayan gida, ko rama, ko ƙuraje da kumburin leɓe bayan shan madara, ki hanzarta ganin likita. Allah Ya ƙara lafiya.