Aron Littattafai Tsakanin Laburare da Haƙƙin Mallaka a Zamanin Intanet

1.0 Gabatarwa

Babu laburaren da ya tara dukkan abin da masu karatunsa ke buƙata. Saboda haka ne laburare suka daɗe suna aron littattafai da maƙalu a tsakaninsu. Wannan darasi zai bayyana yadda wannan al'ada ta sauya bayan da mujallu da littattafai suka koma intanet, inda sharuɗɗan lasisi suka zama su ne ke yanke hukuncin abin da za a ara da wanda ba za a ara ba.

1.1 Saye da Haya

Idan laburare ya sayi littafin takarda, kwafin ya zama nasa, yana iya ara shi ga wanda ya ga dama, ko da yake haƙƙin sake buga shi yana hannun marubuci ko kamfanin ɗab'i. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da tushen wannan ƙa'ida a shekarar 1908. Amma mujallar intanet ba sayenta ake yi ba, hayarta ake yi. Laburare yakan biya kuɗi, yawanci na shekara guda, ya sa hannu a kan yarjejeniyar da ake kira lasisi. Dalili kuwa shi ne, littafin takarda idan ya tafi aro ya bar kanta, shi kuwa fayil ana aika shi ne alhali asalinsa yana nan. Ke nan kowane aro sabon kwafi ne, yin kwafi kuwa shi ne ainihin abin da dokar haƙƙin mallaka ke tsarewa.

1.2 Sharuɗɗan da Aka Fi Samu

Lasisi yakan fayyace abubuwa kamar haka:

(a) Waɗanda aka yarda su karanta, wato ɗalibai da malamai da ma'aikatan makarantar.

(b) Adadin abin da za a ara. Galibi maƙala ɗaya ce ko babi ɗaya, ba littafi sukutum ba.

(c) Hanyar aikawa. Wasu kamfanoni kan tilasta a buga maƙalar a takarda tukuna, sannan a ɗauki hotonta a aika.

(d) Wanda za a aika wa. Wasu kan taƙaita aron ga laburaren da ba na kasuwanci ba, ko na cikin ƙasa ɗaya.

(e) Makomar tsofaffin fitowa idan an daina biya. Inda lasisi bai tanadi wannan ba, ƙofa takan rufe gaba ɗaya; Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara.

1.3 Matsayin Doka

A Amurka, sashe na 108 na dokar haƙƙin mallaka ta 1976 ya halatta wa laburare yin kwafi domin aro, muddin aron bai maye gurbin biyan kuɗin mujallar ba. A 1978 wani kwamitin gwamnati mai suna CONTU ya ba da shawarar kada laburare ya karɓi fiye da maƙalu biyar a shekara daga fitowar shekaru biyar na baya-bayan nan na mujalla ɗaya. Shawara ce, ba doka ba, amma lasisi da dama sun mayar da ita sharaɗi.

Matsalar ita ce lasisi na iya ƙwace abin da doka ta bayar. Don magance haka, Birtaniya ta gyara dokarta a 2014, ta hana yarjejeniya soke wasu damammakin da aka ba laburare. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ita ma ta tanadi cewa sharaɗin da ya hana abin da dokar ta halatta ba shi da inganci.

1.4 Kammalawa

Wajibi ne hukumar laburare ta tattauna sharaɗin aro kafin sa hannu, ba bayansa ba. Shi kuma ɗalibin malanta, idan ya sami maƙala ta hanyar aro, ya san cewa don nazarinsa aka ba shi, ba don ya watsa ta a WhatsApp ko ya kai ta shagon fotokofi a sayar ba. Saɓa wa lasisi na iya sa kamfani ya rufe wa makaranta baki ɗaya hanyar shiga.

1.5 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin sayen littafi da karɓar lasisin mujallar intanet.

2. Kawo sharuɗɗa uku na lasisi, tare da bayanin tasirinsu ga mai bincike.