Shekara Arba'in: Lokacin Ɗaukar Kaya

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako a kan shekara arba'in ne, watau matakin da Allah ya ambata da adadinsa a cikin Suratul Ahƙafi, aya ta 15.

Ayar ta fara da wasiyyar kyautata wa mahaifa, ta tuna wahalar uwa tun daga ɗaukar ciki har yaye, wata 30. Sa'an nan ta kai mutum ga cikar ƙarfinsa da shekara arba'in, ta koya masa abin da zai roƙa. Kalmar da aka yi amfani da ita wajen cikar ƙarfi ita ce "ashuddu", daga tushen "shadda", ɗaure abu tam, kamar yadda manomi ke ɗaure damen gero. Da wannan kalma aka siffanta Annabi Yusufu da Annabi Musa a lokacin da aka ba su hikima da ilmi. Annabinmu, tsira da aminci su tabbata gare shi, shi ma yana da arba'in wahayi ya sauko masa a kogon Hira, a shekarar 610.

Abin lura a roƙon nan shi ne, mai arba'in ba kansa kaɗai ya roƙa wa ba. Ya nemi ikon gode wa ni'imar da aka yi masa, shi da mahaifansa, ya nemi aikin da Allah zai yarda da shi, ya nemi gyaruwar zuriyarsa, sa'an nan ya tuba. Ga tsofaffi a gabansa, ga yara a bayansa, shi kuwa yana tsakiya kamar ginshiƙin ɗaki. Malaman nahawu sun tsaya kan harafin "fi" da ya zo kafin ambaton zuriya, suka ce ya mai da zuriyar mazaunin kirki, yadda kirkin zai shige su ya zauna, ba ya shafe su ya wuce ba. Wasu masu tafsiri sun ce a kan Sayyidina Abubakar ayar ta sauka, domin mahaifansa biyu da 'ya'yansa duk sun musulunta.

To, akwai wata fahimta da ta yaɗu, cewa wanda ya kai arba'in sai ya naɗe tabarmar duniya, ya koma lungun masallaci da carbi. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da abin da aka ruwaito daga Imamu Malik, cewa malaman Madina in sun kai wannan shekara sukan rage cuɗanya da jama'a su duƙufa kan ibada. Sukan kuma kawo Imamu Gazali, wanda ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095 yana gab da arba'in. Ƙarin ibada kam ba wanda zai musa kyaunsa. Sai dai sukan manta Gazali ya koma koyarwa a Naisaburi a 1106.

Misali mafi kusa shi ne na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A 1807, yana da kimanin arba'in, rundunar jama'a na kan hanyar Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda kufansa ke kusa da Sabon Birni, arewa da Shinkafi. Malam ya duba, ya ga abokansa na kirki da yawa sun yi shahada, ya ga wasu da suka rage sun karkata ga ganima da sarauta da dawakai. Zuciyarsa ta yi ƙunci, ya rabu da runduna, ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Da ya isa Kano sai mutanenta suka riƙe shi, suka roƙi ya koya musu yadda ake shari'a da mulki. Ya zauna, ya karantar da tafsiri, ya wallafa musu Diya'ul Hukkami, daga baya ya juyo gida. Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma Muhammadu Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororin yaƙin. Malam Abdullahi ya rayu shekara ashirin da wani abu bayan komowarsa, yana mulki yana wallafa. Da ya zarce gabas, da Gwandu ta yi babbar hasara.

Ƙuncin da ya same shi ba baƙo ba ne ga magidancin Dauran. Shekarun nan ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda ta sha hare-haren 'yan bindiga, an kore shanu, an ƙaurace wa gonaki, har a 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta katse layukan waya na wani lokaci. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana tara abin rufin asiri sai ya wayi gari ba kome, ga uwa tsohuwa, ga samari zaune ba sana'a. Irin wannan in ya ce ya gaji da duniya ba a ga laifinsa ba. Shari'a ba ta hana shi kwashe iyalinsa daga inda rai ke cikin haɗari ba, har ma ta umurce shi da kare rai. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ya saki linzamin gida yana kiran abin zuhudu. Saurayin da ya rasa mai tambayarsa inda ya kwana da inda ya sami kuɗin babur, shi masu ɓarna ke nema, ko ya kai musu labari ko ya kai musu man fetur. Uban da ya roƙi gyaruwar zuriya bayan salla, sa'an nan ya karɓi kuɗin da bai san asalinsu ba daga hannun ɗansa, ya warware roƙonsa da hannunsa.

Haka kuma arba'in ba ta yi nisa ga neman ilmi ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna yawancin shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70, ke nan mai arba'in yana iya samun sauran shekara ashirin ko talatin, in Allah ya so. Wannan ya ishi mutum ya gyara Fatiharsa, ya sauke Ahalari da Ishmawi da Risala a zauren malam tsakanin magariba da lisha, ya kuma san hukuncin ciniki da gado. Kunyar zama kusa da yara a gaban malami ita ke hana da yawa, alhali ba wanda ke jin kunyar tambayar farashi a kasuwar Alhamis ta Shinkafi.

Mata ma suna cikin hukuncin. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, tana cikin shekarunta na arba'in ta tsara 'Yan Taru. Jajis ɗin da ta naɗa dattijai ne waɗanda suka gama raino. Takan ba kowace malfa, su kuwa su riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta a ƙafa, su koyi waƙoƙin tauhidi da na salla, su koma garuruwansu su koyar.