Kalmomin Turanci Masu Amo Ɗaya, Rubutu Dabam

A Kongo, wajen Tudun Wadar Zariya, aka horar da akawuna da yawa na En'e-En'en Jihar Arewa. Makarantar ta fara da koyar da aikin akawu, a 1954 ta zama makarantar koyon aikin mulki, a 1962 kuwa aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello. An kawar da En'e a 1976, amma har yanzu takardu da yawa da ke fita daga ofishin hakimi da Turanci ake rubuta su, kuma tarkon da ya kama akawun dā yana nan.

A Hausa akan rubuta kalmomi biyu iri ɗaya, kunne ya raba su, kamar gari na mutane da gari na tuwo. A Turanci akasin haka ne. Kunne yana jin amo ɗaya, sai alƙalami ya raba.

Wanda ya fi haɗari shi ne council da counsel. Na farko majalisa ce, na biyu kuwa shawara, ko lauyan da ke tsaya wa mutum a kotu. Malamin da aka ce ya rubuta cewa an miƙa rikicin gona ga majalisar Sarki, in ya sa counsel, takardarsa ta ce an miƙa wa lauya ke nan. Hakimi ya sa hannu, abin ya shiga fayil, bayan shekara goma masu gādo su zo su kafa hujja da shi.

Haka bail, watau beli, da bale, dilar auduga. Heard, an saurari ƙara, herd kuwa garken shanu. Zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, daga 1937 zuwa 1959, reign ne. Rain ruwan sama, rein linzamin doki. Site fili ne da za a yi gini, sight gani.

Kwamfuta ba ta tsamo irin wannan kuskure kullum, gama kowace kalma daidai take a kamus. Saboda haka kafin malami ya rubuta kalmar da yake shakka, sai ya juya ta da Hausa a zuciyarsa, sa'an nan ya duba kamus ya ga wane rubutu ne ke ɗauke da wannan ma'ana. Karanta wa hakimi takarda da baki ba ya wadatarwa, tun da kunne ba zai ji bambanci ba. Lalle a fassara masa ita layi-layi daga abin da ke rubuce kafin ya sa hannu.