Darasi: Wa ke Cin Wa a Gonar Hatsi?

Darasinmu na wannan karo ya shafi cimar halittu, kuma daga gonar hatsi za mu ɗauko misalinmu.

Tsiro shi ne tushe, domin ba ya cin kowa. Koren ganyensa yana amfani da hasken rana ya haɗa ruwa da iskar da muke fitarwa wajen numfashi, ya yi abincinsa da kansa. Fara da jan-baki da kusu da bisashe su ci tsiro. Shamuwa da balbela da ƙadangare su ci fara, shirwa ta ɗauki ƙadangare, mujiya da maciji su kama kusu. A kowane mataki, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfin abincin ke wucewa gaba. Saura ya ƙare a motsi da ɗumin jiki da kashi. Shi ya sa fara ba ta ƙirguwa, shirwa kuwa ƴan kaɗan ne.

Lamarin ya fi kama da koma bisa ga igiya guda, domin mai ci ɗaya yana da cima iri-iri. Mu kanmu muna cin hatsin, muna kuma cin farar da ta ci shi.

A nan ne hatsarin yake. A 1988 da 2004, da farar ɗango ta afka wa Nijar, an yi feshin magani mai yawa. Ba mu ce a bar feshi ba, tsuntsaye ba su iya tare irin wannan runduna. Amma guba ba ta tsayawa kan fara. Shamuwar da ta ci ta na iya mutuwa, alhali ita ke rage mana ƙananan fari kowace damana ba da ko dala ba. Wanda kuma ya kwashi fara a wurin da aka yi feshi ya kai kasuwa, ya kai wa ƴaƴan mutane guba.

Akwai waɗanda muke rainawa: ungulu mai kawar da mushe, buzuzu mai binne kashin shanu, da gara. Manoman Illela a jihar Tawa sun san darajar gara. Suna gina ramukan tassa su zuba taki, gara ta zo ci, ta huda ƙasa, ruwan sama ya bi hanyoyinta ya shiga, hatsi ya tsiro a faƙon da aka daɗe da fid da rai da shi.