Kafin Ka Kama Hanyar Jibiya, Kwance Filogi Ka Duba

Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiya ce da ba ta cika kilomita ɗari ba. Ka wuce Magama ta ƙaramar hukumar Jibiya inda shingen iyaka yake, ka tsallaka Ɗan Isa, sai ka miƙe. Amma duk gajartarta, hanya ce mai cin ƙananan injina: babur, Keke, da ƙananan motocin rairayi masu ƙafa huɗu da ake ɗora wa injin babur. Galibinsu ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, ga tsaye-tsaye a shingaye, ga yashi da zarar ka sauka daga kwalta.

Rana tana da nata laifin, sai dai sau da yawa tun a garejin bakanike ake ƙulla matsalar. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, maganar da ake yawan ji a gareji ita ce, "Oga, don Allah a rage masa shan mai." Sai oga ya matse sukurun kabireta, ko ya sauke allura, ko ya sa jet mai ƙaramin rami. Mai babur ya tafi yana murna, lita ɗaya ta ƙara nisa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, injin fetur yana son iska kusan kashi 15 a kan kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi, kuma injin da iska ke sanyayawa ya fi son mai ya ɗan ɗara haka, don fetur ɗin da ke shiga shi ma yana rage zafin cikin silinda. Idan mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, zafi ya hau, bawul ya ƙone, kan fistin ya fara narkewa har ya huje. A cikin gari, inda kake tafe kana tsayawa, zai iya jurewa wata da watanni. Ranar da ka ɗora kaya ka murɗe totur daga Katsina zuwa Magama, ranar zai nuna maka halinsa. Garin neman gira ke nan a rasa ido, kuma ina ganin duk bakaniken da ya yi wannan aiki bai faɗa wa mai abin hawa haɗarinsa ba, bai kyauta ba.

Filogi ba ya ɓoye gaskiya. Bayan ka yi 'yar tafiya mai nisa, kashe injin, bari ya huce, ka kwance shi ka dubi farin tangaran ɗin da ke tsakiyar bakinsa. Idan ka ga launin shayi da madara, lafiya lau. Baƙi mai kunkunniya, mai ne ya yi yawa, asarar kuɗi ce kawai. Amma idan ka gan shi fari fat, a bushe, balle da 'yan ɗige-ɗigen ƙarfe masu ƙyalli, to kada ka kama hanya, fistin ne ya fara zubar da jikinsa. Kunne ma yana taimakawa: salansa tana tas-tas idan ka saki totur, injin ya daɗe yana gudu kafin ya sauko, ko ya shaƙe idan ka murɗa da sauri. Da injin ya ɗumama, ɗan ja cok, ko ka rufe rabin bakin iska da tafin hannu. In ka ji ya warware ya ƙara ƙarfi, yunwar mai yake yi.

Ba kullum hannun bakanike ba ne. A Nuwamban 2019 hukumar Kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen yankin suka koma sayen mai a kwalba da galan wajen 'yan bumburutu, kuma ɗabi'ar ta zauna. Man kwalba yakan zo da ƙura ko ruwa, ramin jet kuwa ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Cika tankinka a gidan mai tun daga Katsina. In dole ta sa ka sayi na kwalba, ɗaga ta a rana ka duba gindinta, ruwa ƙasa yake kwantawa, sannan a tace da tsumma mai tsabta. Duba kuma baƙar robar da ta haɗa kabireta da kan injin: lanƙwasa ta da yatsa, idan ta tsage tana zuƙo iskar da ba a auna ba. Masu cire matatar iska wai don injin ya numfasa, sun haɗa ɓarna biyu, ƙarin iska da ƙurar hunturu. Idan kuma injin yana mutuwa bayan 'yan kilomitoci, ya huta ya tashi, buɗe murfin tanki. Ka ji "fuss", ƙaramar kafar iskar murfin ce ta toshe.

A layin shinge kashe injinka. Babur da ke tsaye yana aiki ba ya samun iskar da za ta sanyaya shi. A cikin yashi kuma, ƙaramar giya da totur a murɗe su ne mafi saurin gasa inji, don haka ka riƙa ba shi hutu, ka kankare busasshen taɓo daga tsagogin jikin silinda, ka tabbata baƙin mai ya kai ma'auni.

Idan ya riga ya ɗauki zafi, ƙarfi ya ragu, kana jin ƙarar ƙil-ƙil da ƙaurin baƙin mai, sassauta ka lallaɓa zuwa gari ko shinge mafi kusa. Yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga, tsakiyar daji ba wurin kwance kabireta ba ne. Shi ya sa ake fita da sassafe a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Don Allah kada ka fasa ledar ruwan sanyi a kan injin kamar yadda wasu 'yan acaɓa ke yi, kan silinda yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ba shi rabin awa a inuwa. Mai lagireto kada ya taɓa murfin sai ya huce.

Batun takardu, tambayi direbobin tasha kafin ka taso, don iyakar nan ta sha rufewa: daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, sannan daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Riƙe fasfo, katin rigakafin shawara da takardun abin hawa. A aljihun kaya kuma sa sabon filogi mai lamba ɗaya da naka, sifanar kwance shi, sukundireba da ƙaramar matatar mai.

In kuwa injin ya buga, kada ka yi ta dukan kik ko a tura ka, ƙara ɓata silinda za ka yi. Ɗora shi a a-kori-kura zuwa Katsina ko Maraɗi. Bayan an sa sabon fistin da ringi, ka tsaya a kan bakanike ya mayar da jet na asali, ya canza robar in ta tsage, ku zaga da shi, a sake kwance filogi a gabanka kafin ka biya kuɗin aiki.