Ɗana, Ajiye Filayar Nan Tukuna

 Na ji an damƙa maka injin yankan ciyawa a wurin aikinka. Madalla. Na kuma ji ya fara yi maka kukan nan na hawa da sauka, ya yi sama ya dawo, ya sake yin sama. Na san abin da zuciyarka ke raya maka. Ka leƙa gefen kafireta, ka ga wani siririn ƙarfe da sifirin suna ta kai da kawowa, ka ce ga masu laifi nan. Hannunka har ya kai kan filaya. Ajiye ta tukuna, ka zauna mu yi magana.

Ba laifinka ba ne. Duk mai son aikinsa haka yake, in ya ga abu yana rawa sai ya so ya tsayar da shi. Amma ƙarafan nan an auna tsawonsu tun daga kamfani, an auna lanƙwasarsu. Wanda ya taɓa su bai san aikinsu ba yakan mai da ƙaramin gyara babba.

Fara da maƙogwaron kafireta. Cire matatar iska ka leƙa. Za ka ga 'yan faifai biyu masu juyawa. Na bakin ƙofa shi ne cok, aikinsa ya toshe iska da safe don fetur ya yi yawa, inji ya tashi. Na can ciki, kusa da jikin inji, shi ne totur. Shi ke ƙayyade abin da inji zai sha. Yawancin yara suna ɗauka libar da ke hannunsu ita ke buɗe totur. A'a. Libar nan sifirin kawai take ja. Wasu injinan ma ba su da libar ko kaɗan, gudu ɗaya aka yanka musu. Mai riƙe da totur wani abu ne da makanikai ke kira gwamna.

A injinan Honda, irin GCV160 na yankan ciyawa da GX160 da ka sani a injin ban-ruwa da na markaɗe, da kwaikwayonsu na China da suka cika kasuwa, gwamna yana can ciki cikin baƙin mai. Ƙaramin giya ne mai ɗauke da 'yan ƙarafa masu nauyi. Inji na ƙara gudu suna buɗewa, sai su tura wani ƙaramin sandan ƙarfe wanda kansa ya leƙo waje. A kan sandan nan aka ɗaure hannun gwamna da noti, daga hannun kuma siririn ƙarfen nan ya tafi ya kama totur. Tsofaffin injinan Briggs & Stratton na Amurka da yawansu ba haka suke ba. Wani ɗan fiffike ne a ƙarƙashin murfin sama, iskar da ke sanyaya inji ita ke tura shi. Hanya ta bambanta, aikin ɗaya ne.

Yanzu ga abin da nake so ka gani da idonka. Inji yana kashe, ka kai liba wajen gudu, ka leƙa totur. Za ka same shi a buɗe wangale. Kada ka firgita, haka ya kamata ya kasance. Sifirin kullum buɗewa yake so. Gwamna kullum rufewa yake so, amma ba shi da ƙarfi sai inji yana juyawa. Gwamna linzami ne a bakin doki. Inda jan sifirin da jan gwamna suka yi daidai, nan gudun inji yake tsayawa. In ka shiga ciyawa mai kauri, gudu ya ragu, gwamna ya yi sanyi, sifirin ya rinjaye shi, totur ya buɗe. Wannan gurnanin da kake ji in wuƙa ta haɗu da duhun ciyawa, shi ke nan. Da ka fito fili sai gwamna ya sake karɓar abinsa.

Ka gani ke nan, motsin ƙarfen nan ba cuta ba ne. Amsa yake bayarwa. In ya yi ta rawa ba tsayawa, akwai abin da ke tsikarar sa. Ruwa ba ya tsami banza.

Sau da yawa abin yunwa ce. Fetur ba ya isa. Inji ya shaƙe, gudu ya faɗi, totur ya wangale, mai ya zo da yawa, gudu ya haura, gwamna ya rufe, inji ya sake shaƙewa. Haka za su yi ta yi har tanki ya ƙare. Ga gwaji mai sauƙi, ba ya cin ko sisi. Bari inji ya yi zafi yana wannan kukan, sai ka ɗan ja cok zuwa rabi. In muryarsa ta daidaita, to ka wanke ƙarfe da sifirin daga zargi. Ka rage iska, abin ya gyaru, ashe mai ne ya yi kaɗan. In ka ci gaba da murɗa sifirin bayan wannan, an bar jaki ana dukan taiki.

Ina man ya maƙale? Galibi a ƙaramin jet, wanda raminsa da ƙyar ido ke gani. Injin ciyawa yakan kwana rani guda a sito da ragowar fetur a cikinsa. Fetur ɗin ya bushe, ya bar wani danƙo mai wari a gindin kafireta. Ga kuma man galan na bakin titi, wani lokaci da ruwa, wani lokaci da ƙasa. Kwance kofin kafireta, ka zubar, ka wanke. Ramin jet ka bi shi da sili ɗaya na wayar wuta mai laushi, sannan ka hura. Kada ka sa allura. Jet tagulla ce, ba ta da tauri, in ramin ya faɗaɗa ba ya komawa, daga ranar inji zai riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi. Ka kuma duba gaskit ɗin da ke tsakanin kafireta da inji. In ya yage, iska tana satar hanya ta nan, kuka iri ɗaya za ka ji.

To, akwai ranar da laifin na ƙarafan ne da gaske, ba na musu. Kashe inji, ka tura hannun gwamna da yatsa a hankali, gaba da baya. Ya kamata ya tafi sumul ya dawo da kansa. In ka ji yana ciza, duba da kyau. Tarkacen ciyawa da ƙurar hunturu sukan dunƙule a wurin. Wani lokaci murfi ne ya lotsa yana gogar ƙarfen. Wanke da ɗan fetur da tsohon buroshin haƙori, ka bar shi ya bushe. Kada ka shafa giris. Na san da kyakkyawar niyya ake shafawa, amma giris ƙura yake kira, bayan sati biyu ya zama laka.

Akwai wani sifirin siriri ƙwarai da ke kwance a jikin dogon ƙarfen, wanda yara ke rainawa. Yana faɗuwa ƙasa wajen kwance kafireta, a duba a rasa, a ce ba shi da amfani. Yana da shi. Ramukan da ƙarfen ke shiga sun ɗan fi shi faɗi, kuma da tsufa suna ƙara cinyewa. Wannan ɗan sifirin shi ke ɗaure sakin da ke tsakani, don gwamna na motsawa totur ya motsa nan take. In babu shi, saƙo yana isa a makare, inji ya riƙa lilo. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka fara kwancewa, abin da ya faɗi za ka gan shi.

Kuma kafin ka zare komai, ɗauki hoto da wayarka. Mu a zamaninmu sai dai mu yi zane da ƙusa. Hannun gwamna yakan zo da ramuka biyu, uku, ko fiye, kuma kowane rami da gudun da yake bayarwa. Da yamma, ka gaji, za ka rantse ka tuna ramin, alhali ba shi ba ne. Wajen cire ƙarfen ma ba a tanƙwara shi. Bakinsa a karye yake, sai ka zare kafireta daga mazauninta ka ɗan karkata ta, ya fita da kansa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Za a samu wani ya ce maka injin nan ba shi da ƙarfi, a ɗan matse sifirin, ko a ɗaure totur da waya. Ba mugu ba ne, so yake a gama aiki da wuri. Kuma gaskiya za ka ji inji ya ɗauki kuka mai daɗi. Amma ka ji abin da ke biyo baya. Injin ciyawa an yanka masa gudu wajen juyi 3,000 a minti. A Amurka ƙa'idar masu ƙera shi ita ce bakin wuƙa kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, wato kusan kilomita 350 a awa. A hakan ma, tsakuwa ɗaya in wuƙa ta ɗebe ta tana fasa gilashin mota. Ina ga ka ƙara? Filin da kake yankewa akwai yara suna wucewa. Cikin inji kuma kwanrod na alminiyom ne, in gudu ya wuce kima yakan karye ya ɓalle gefen inji ya fito. A ranar ba gyara za a yi ba, sabon inji za a saya, kuma sunanka za a kira.

Wannan karatun zai yi maka amfani ko a gida. Janaretocinmu na fetur gwamna iri ɗaya gare su. Wutar ƙasar nan mai bugu 50 ce a daƙiƙa, shi ya sa dole injin ya tsaya a juyi 3,000. Wanda ya matse sifirin don ƙwai ya ƙara haske, firjinsa da talabijin ɗinsa yake jefawa cikin haɗari.

Notin da ke hannun gwamna kuwa, in ba dole ba ka bar shi. In wani ya riga ya kwance, ga yadda ake mayarwa. Inji a kashe. Sassauta notin. Tura hannun har totur ya buɗe iyakarsa, ka riƙe. Juya ƙaramin sandan da ya leƙo daga inji zuwa ɓangaren da hannun ya nufa, har ya tsaya. Sai ka ɗaure. Lokacin tayarwa yatsanka ya kasance kusa da makashi. In ya tashi da ihu ya ƙi sauka, kashe shi nan take. Mai yiwuwa giyan ciki ne ya ci, don na roba ne a injina da yawa. Wannan sai an buɗe inji. Kai shi wurin ogan da ya iya, ka tsaya a kansa ka ga yadda ake yi. Matambayi ba ya ɓata.

Abu biyu kada ka manta, don ina son yatsunka goma su kai ka tsufa. Zare hular fulogi kafin hannunka ya je kusa da wuƙa. In za ka kifa injin a gefe, ɓangaren matatar iska ya kalli sama, kada baƙin mai ya malala cikin kafireta.

In sifirin ya miƙe ko ya ɓata, kada ka cire na biro ko na wani inji ka liƙa. Lambar injin tana buge a jikinsa. Rubuta ta a takarda, ka tafi da ita kasuwa tare da tsohon sifirin in yana nan. In damina ta ɗauke kuma, rufe famfon mai ko ka juye tanki, ka bar injin ya shanye na cikin kafireta har ya mutu da kansa, sannan ka kai shi sito. Ka gai da mahaifiyarka, ka ce ina nan tafe bayan girbi in Allah ya yarda.