Shiga Babbar Kasuwar Kaduna da Idon Mai Karatu

Yawancin baƙin da ke sauka Kaduna da niyyar ganin al'adu, gidan tarihi suke fara nema. Shawarata ita ce su fara da kasuwa. Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka raɗa wa sunan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi bayan rasuwarsa a 1992, tana tsakiyar gari, daf da titin Ahmadu Bello. Fasahar mutanen Jawa da Ostiriya da Andalus da Indiya tana nan jibge a rumfunanta, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Abin da ake bukata kawai shi ne mutum ya san abin da yake kallo.

Idan ta jirgin ƙasa ka taso daga Abuja, a Rigasa za ka sauka, kuma akwai 'yar tazara zuwa cikin gari. Ka ce wa mai mota ko mai Keke Napep "Kasuwa", ya gane. Ka shiga da hantsi, lokacin da an buɗe shaguna amma cunkoso bai kankama ba, domin a lokacin ne ɗan kasuwa ke da sukunin yi maka bayani. Ranar Juma'a harka kan tsaya da rana saboda masallaci, ranar Lahadi kuma za ka tarar da shaguna da dama a rufe. Ka riƙe 'yan kuɗi a hannu ko da za ka yi taransifa, ka sa waya a aljihun gaba, ka sa takalmin da zai jure yawo, musamman da damina.

Ka tambayi layin 'yan atamfa tukuna. Kada ka fara da tambayar farashi. Ka yi sallama, ka ce, "Alhaji, barka da kasuwa, ina so in ga Holan ta asali," ka bari ya warware maka turmin. Wannan zane da muke ɗauka namu ne tun kaka da kakanni, asalinsa rinin kakin zuma ne na mutanen tsibirin Jawa a Indonesiya. Turawan Holan suka kwaikwaye shi da inji a ƙarni na 19, mutanen can ba su yi na'am da shi ba, sai ya samu karɓuwa a Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, har yau yana buga shi. Ka juya bayan zanen: ta asali launinta ya ratsa fuska biyu kusan daidai, kuma a gefenta akwai sunan kamfani da lambar zane. Sannan ka nemi a ajiye maka 'yar Sin kusa da ita, ka shafa su biyun. Ba ina raina mai araha ba ne, ita ce ta rufa wa miliyoyin gidaje asiri. Ina so dai hannunka ya koyi bambancin.

Haka shadda. Gezna da ake ji da ita ranar Sallah, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya kamfanin Getzner ke saƙa ta, kuma daga wannan yanki ne leshi mai tsada ya daɗe yana zuwa Nijeriya. Amma dubi abin da muka yi da ita. Marinan Mali suka tsoma ta ta zama galila, mabuga suka fito da ƙyallinta, maɗinka suka zuba mata aiki a wuya, aka ɗora hula Zanna Bukar daga Borno. Mai saƙar a Turai ba zai gane kayansa ba idan ya gan su a filin Idi. Wannan shi ne abin da nake so baƙo ya lura da shi: ba karɓa kawai muke yi ba, muna sarrafawa.

Akwai ɗaci a wannan layi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A ƙetaren kogi, a Kakuri, masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, wasu manyan masaƙu suka biyo baya, har garin ya yi suna da saƙa. Yau mafi yawansu sun durƙushe. Idan ka samu dattijo a shago, ka tambaye shi zamanin da ake sayar da atamfar Kaduna. Zai ba ka tarihin da ba ka biya ba.

Daga nan ka nemi masu littattafai, a cikin kasuwa da titunan da ke kewaye da ita. A nan na fi so ka daɗe. Ka tsuguna gaban mai littattafan addini ka dubi 'yan ƙananan littattafan da almajirai ke saye. Ahalari, malamin Aljeriya ne ya rubuta shi a ƙarni na 16. Risala ta Ibn Abi Zaid ce, mutumin Ƙairawan a Tunisiya, wanda ya rasu a 996. Ishiriniya da ake rerawa a zaurukanmu, Alfazazi ne ya tsara ta, mawaƙin Andalus da ya rasu a 1230. Ashafa ta Alƙali Iyad ce, haifaffen Sabta a gaɓar Maroko. Muƙamatul Hariri kuwa daga Basra ta fito, kuma duk wanda ke son ganin iyakar gwanintar wasa da harshen Larabci, ita zai buɗe. Tabarma ɗaya, amma ta haɗa Sifen da Iraƙi. Ka kuma nemi fassarar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa ta malamin da kasuwar ke ɗauke da sunansa, wanda ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987.

Sai littattafan boko. Ka nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1930. Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da wasu taskoki na Gabas da Yamma, ya sa musu rigar Hausa har yaro a Kagara ko Funtuwa ya rantse a unguwarsu abin ya faru. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ma daga labarin wani gwarzon Rasha ya samo tushe. Wanda ya karanta waɗannan ya riga ya ɗanɗani adabin duniya ko bai sani ba. Cikin tarin tsofaffin littattafan Turanci kuma, ka yi haƙurin tonawa, domin Chinua Achebe da Shakespeare kan ɓuya a ƙarƙashin littattafan jarrabawa.

Roƙona ɗaya a nan: ka duba bugun. Idan takarda ta yi shara-shara, tawada ta dusashe, farashi ya yi arhar da ta wuce hankali, to na satar fasaha ne. Ka ƙirga shafuka, ka nemi na asali ko da ya fi tsada. Marubutanmu da yawa sun mutu ba su ci gumin alƙalaminsu ba.

Wajen 'yan turare kada ka wuce da sauri duk da cewa hanci kan gaji. Ka roƙa a ɗiga maka udu a bayan hannu, itacen da ake samowa daga Indiya da Kambodiya, sannan ka shaƙi humra da turaren wuta na matan Borno. Masu tura finafinai a waya kuma za su ba ka na Indiya da aka yi wa fassarar Hausa, wanda shi ma salo ne mai zaman kansa.

Kada ka ɗauki hoton mutum ko shagonsa sai ka nemi izini, musamman mata. Wajen ciniki, idan ka taya aka ce "albarka", ƙarawa ake nufi, ba faɗa ba ne. Idan kuwa aka sallama maka a kan tayinka, to ka biya, janyewa abin kunya ne. Wanda ya ɓata lokacinsa ya yi maka bayani, ka sayi ko da ɗan ƙaramin abu a wurinsa. Za ka ji Yarbanci da Ibo da Nufanci da Gbagyi da Turancin buroka a layi ɗaya, kuma gaisuwa guda da harshen mai shago takan sauko da farashi.

In da sauran rana, ka hau Keke zuwa Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, ka ga sassaƙen yumɓu na Nok daga kudancin jihar, masu shekaru fiye da 2,000. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna a titin Rabah, yana da ɗakin karatu da taskar rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Wannan ka ware masa safiyar wata ranar aiki, domin ba wurin leƙawa a fita ba ne.